Hular Wuri da 'Yan Kunnen Zinariya: Me Kakanninmu Suka Sa Kafin Zuwan Alkyabba?

Wani ɗalibi daga Haɗeja ya aiko wa wannan fili da tambaya bayan an watse daga bukukuwan Sallah. Ya ce suna tsaye suna kallon hawa, ga alkyabbu, ga rawuna, ga dawaki sun sha ado, sai abokinsa ya ce masa duk abin nan da yake gani aro ne. Wai kafin Larabawa su iso, Bahaushe bai san wata sutura ba sai warki da bante, ko zobe bai iya ƙerawa ba. Shi ne yake son ya ji ko gaskiya ne.

Ba gaskiya ba ne, kuma shaidar tana nan, daga cikin ƙasa aka tono ta. Sai dai maganar abokin nasa ba yau aka fara ta ba. An daɗe da rubuta ta a littattafai, kuma ba mu kaɗai aka yi wa ita ba. Al'ummar da ba ta rubuta labarinta da hannunta ba, maƙwabci mai alƙalami ne ke rubuta mata, shi kuwa abin da idonsa ke fara rainawa shi ne abin da ke jikin mutum.

Turawan da suka zo suka mulke mu ma haka aka yi wa kakanninsu. A shekara ta 98 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Tasitus ya yi littafi a kan ƙabilun Jamus. Ya ce suturarsu mayafi ne guda, su yafa su maƙale bakinsa da ɗan ƙarfe, in babu su soke shi da ƙaya, wasu kuma fatun namun daji suke rufa da su. Ya dai yarda cewa masu hali a cikinsu suna sa tufa mai kama jiki. A wurin Rumawa wando ma kansa kayan baibayi ne, har a shekarar 397 Sarki Honorius ya kafa dokar hana sa shi a cikin birnin Rum, a 416 kuma aka ƙara da hana tara gashi da sa rigar fata. Ba a kafa doka a kan abin da ba a yi. Mutanen Rum ɗin sun riga sun ɗauki yayin waɗanda suke rainawa.

Sai da aka shafe fiye da shekara dubu kafin ƙasa ta ba da nata bayanin. Ranar 27 ga Mayun 1653 wani magini da ke haƙa a gefen wani coci a garin Tournai, cikin Beljiyam ta yau, ya ci karo da kabarin Childeric, sarkin ƙabilar Faranki, wanda ya mutu wajen shekarar 481. An gane shi ne da zoben hatiminsa mai ɗauke da sunansa. Akwai munduwar zinariya, akwai kuɗin zinariya, akwai wasu 'yan ƙwari na zinariya kusan ɗari uku da aka ce ƙudan zuma ne. Adon takobinsa kuwa aiki ne na mai haƙuri: maƙerin ya tsara 'yan siraran katangu na zinariya, ya fere jan dutse mai ƙyalli ya zaunar da shi a kowane gurbi daidai wa daida. Binciken zamani ya nuna cewa akasarin irin wannan dutse da maƙeran Turai ke aiki da shi a lokacin daga Indiya da Siri Lanka yake zuwa. Wannan ne sarkin mutanen da aka ce da ƙaya suke soke mayafi.

A Nuwambar 1831 ɓarayi suka shiga ɗakin ajiyar da kayan ke ciki a Paris, suka kwashe suka narkar da mafi yawansu. Kaɗan aka tsamo daga kogi, ciki har da ƙudan zuma biyu. Abin da ya ceci tarihin shi ne wani likita, Jean-Jacques Chifflet, wanda tun 1655 ya sa aka zana kayan ɗaya bayan ɗaya aka buga a littafi. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu ga wurin da ba a yi haka ba.

Mu dawo gida. Wanda ya fara ambaton wata ƙasar Hausa a cikin matafiyan da aka sani shi ne Ibn Battuta. A 1353 ya sauka a Takedda, cikin Nijar ta yau, ya ga ana narka jan ƙarfe ana yin sanduna, ya ce ana kai su Gobir da Barno. Bai taka Gobir ba. Amma ya rubuta abin da aka ba shi labari, cewa idan sarkinsu ya mutu ana binne shi tare da wasu fadawansa da bayinsa da 'ya'yan manyan gari. Bayansa da fiye da shekara ɗari da hamsin sai Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, aka buga littafinsa a Italiya a 1550. Shi ya yaba wa Kano da attajiranta, ya ce a Gobir akwai masaƙa da dukawa masu ɗinka takalma irin na Rumawan dā, ana kai su har Tambutu da Gao. Da ya zo kan Katsina sai ya zube ta ƙasa: 'yan ƙauyuka ne na bukkoki, mutanen matalauta, har kamannin fuskarsu bai bari ba. Akwai masana da ke shakkar ko ya taɓa shigowa ƙasar Hausa ma. Amma rubutu rubutu ne, an yi ta kwafarsa daga harshe zuwa harshe har ƙarni uku.

To, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, a ƙasar Mani, akwai wasu tuddai da ba Allah ya halicce su haka ba, hannu ne ya tara su. Wurin shi ake kira Durɓi Takusheyi. Katsinawa ba su taɓa mance ko na su wa ne ba. A bakin masu ba da tarihi, nan ne makwancin sarakunan farko, Durɓawa, waɗanda ake jero sunayensu daga Kumayau, Ramba-Ramba, Bataretare, Jarnanata, zuwa Sanau.

Labarin ƙarshen Sanau kusan kowane Bakatsine ya san shi. An ce a al'adar wancan zamani sarki kan fito kokawa, wanda ya kayar da shi ya gaje shi. Sanau ba ya kayuwa saboda asirin da ke jikinsa. Korau, wani ɗan kokawa daga 'Yandoto, abokinsa ne kuma baƙonsa. Ta hannun matar Sanau aka raba shi da asirin, Korau ya kayar da shi, ya yanka shi da ɗan takobin nan Gajere, wanda har yau yana cikin kayan sarautar Katsina. Ko mutum ya ɗauki labarin yadda yake ko ya ɗauke shi a matsayin hikaya, akwai abu guda a ciki da ya shafi tambayarmu. Mutanen da suka riƙe wannan labari sun san cewa ƙarfin sarki yana tare da abin da ya ɗaura a jikinsa. Guru da laya da kambu da munduwa ba kwalliya ba ce kawai a wurinsu, mulki ne. Shi ya sa idan sarki ya tafi, kayan jikinsa suke bin sa.

A 1907 aka fara tona waɗannan tuddai, kuma abin da ya faru a wannan shekara ne ya fi ci mini rai a duk labarin. Wanda ya yi tonon shi ne Herbert Richmond Palmer, jami'in mulkin mallaka da ke Katsina a lokacin, wanda daga baya ya riƙe Arewa baki ɗaya daga 1925 zuwa 1930. Shi ne ya tsaya kai da fata a ƙarshen 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko sarautar Katsina, Dikko kuwa kafin nan shi ne Durɓin Katsina, sarautar da mahaifinsa Gidado ya riƙe. Da amincewar sabon sarkin aka shiga aikin. Palmer ya sa aka fasa tudun da ya fi girma da wasu a kusa da shi, aka sami kayan yumɓu da na ƙarfe.

Kayan nan sun ɓace. Abin da ya rage na bayaninsu ɗan kaɗan ne, bai isa a ce ga yadda mamacin ya kwanta ba, ga abin da ke wuyansa, ga wanda ke ƙafarsa. Palmer ba jahili ba ne. Ya iya Hausa, ya iya Larabci, shi ya fassara Tarihin Kano zuwa Turanci aka buga a 1908, kuma har gobe masu bincike na buɗe littattafansa. Amma hankalinsa ba a kan abin da ke cikin ramin yake ba. Tun kafin a sa fartanya ya riga ya yanke hukunci cewa duk wata sarauta ko fasaha da aka gani a ƙasar baƙar fata, wani baƙo ne daga arewa ko gabas ya kawo ta. Ya ƙare rayuwarsa yana neman wannan baƙo a cikin kamannin sunaye. Mutumin da ke neman baƙo ba zai ɓata lokaci yana zana munduwar ɗan gida ba. Kabarin Childeric ya sami mai zana shi shekara ɗari biyu da hamsin kafin Palmer, amma tudu mafi girma a Durɓi, wanda bisa dukkan alamu na babban mutum ne, bai samu ba. Kabari kuwa sau ɗaya ake tona shi. Wanda ya fara buɗewa, in bai rubuta ba, ya rufe ƙofar ga kowa.

Allah Ya sa bai gama da su duka ba. A 1992 wani shirin bincike na Jami'ar Bayreuth ta Jamus, ƙarƙashin Farfesa Dierk Lange, ya haɗa hannu da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina aka tona wasu tuddai uku. A kowane ɗaya mutum guda aka samu kwance a tsakiya. Gobir ba Katsina ba ce, gaskiya ne, amma a waɗannan kusheyi uku dai ba a ga taron bayi da 'ya'yan manya da aka ba Ibn Battuta labari ba. An adana kayan a Katsina, a 2007 aka kai su wani babban gidan tarihi a birnin Mainz na Jamus don a tsabtace su a gyara, aka baje kolinsu a can a 2011, daga baya aka maido su Najeriya. Gidan tarihin na Mainz an kafa shi ne don nazarin Rumawa da tsofaffin ƙabilun Jamus, wato hannuwan da suka saba da kayan mutanen Childeric su ne suka share ƙasa daga kayan Durɓawa.

Ga abin da aka samu. 'Yan kunne na zinariya, da zobe, da abin wuya. Awarwaro na hauren giwa. Mundaye da sandunan tagulla. Ɗamara da aka jera da duwatsun ado. Wani kambun ƙarfe mai tsinaye da ake sawa a ƙwauri. Kwanukan tagulla, ciki har da wanda ƙirarsa ta ƙasashen Musulmi ce na Gabas ta Tsakiya, na wajen ƙarshen ƙarni na 15 zuwa farkon na 16, lokacin da daular Mamluk ke mulkin Masar. Sannan ga ragowar saƙa, da itace, da fata. Gwajin kimiyya da nazarin ƙira sun nuna cewa an yi ta binne mutane a wurin kimanin shekara ɗari biyu, daga wajen ƙarni na 13 zuwa 14 har zuwa na 15 zuwa 16.

A cikin duka, wanda ya fi tsaya mini shi ne abin kai da aka lulluɓe da wuri. Mu da muka tashi muka tarar da wuri a jikin ƙwaryar mai bori ko a wuyan jariri, ba ma ganin girmansa. Kakanninmu na kusa ma sun san shi a matsayin kuɗin cefane, ana auna shi buhu-buhu. Amma Tarihin Kano ya ce sai a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa a matsayin kuɗi, Barno kuwa sai wajen tsakiyar ƙarni na 19 ta karɓe shi. Wuri ba ya fitowa daga kogin Haɗeja ko Tafkin Chadi. Gidansa Tekun Indiya, musamman tsibiran Maldives. Kafin jiragen ruwan Turawa su fara jibge shi a gaɓar teku, kowace ƙwaya sai ta hau jirgin ruwa, ta sauka, ta hau raƙumi ta ratsa Sahara. Sai a zauna a fasa bayan kowace ɗaya, a zura zare, a ɗinke su jere a jikin hula har a rufe ta. Mutumin da ya ɗora wannan a kansa shekaru aru-aru kafin wuri ya zama kuɗin kasuwa, dukiya ya ɗora, kuma duk wanda ya gan shi ya san haka.

A lura kuma da lokacin. Kabarin da ke da kwanon nan na Gabas ta Tsakiya ya faɗo a daidai zamanin da al-Wazzan ke tattara labarin da ya ce Katsina bukkoki ce da talauci. Tsakanin wanda ya ji a bakin ayari da abin da aka ɗauko daga ƙirjin mamaci, ni na san wanda zan gaskata.

Na san abin da abokin ɗalibin nan zai ce: ai ka ga, wurin daga Indiya, kwanon daga gabas, ashe aron ne. Wannan ita ce ainihin gardamar da malaman tarihi suka daɗe suna yi, sai dai su da manyan kalmomi suke yin ta. Palmer na ɓangare guda. Shi ma Lange, ta wata hanyar, yana kusa da shi, domin a rubuce-rubucensa ya kafe a kan cewa asalin sarautun Hausa da Barno na komawa ga mutanen da suka yi ƙaura daga tsohuwar Gabas ta Tsakiya tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kusheyin da aka tona a ƙarƙashin shirinsa ba su ba da shekarun da suka yi kusa da can ba.

A ɗaya ɓangaren akwai marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, jikan Sarki Dikko, wanda littafinsa kan sauye-sauyen da Katsina ta shiga daga 1400 zuwa 1883 ya fito a 1981. Bala Usman ya ƙi yarda a riƙa karanta tarihin Katsina a matsayin jerin baƙi masu zuwa suna ture 'yan ƙasa. A wurinsa, abin da ya faru sauyi ne daga cikin al'ummar kanta: noma da ƙira da fatauci suka bunƙasa, garuruwa suka girma, mulki ya tashi daga wuraren tsafi da kusheyin kakanni ya koma birni mai ganuwa da kasuwa.

Ina tare da Bala Usman, kuma ina ganin kusheyin sun ƙara masa ƙarfi, ko da yake ya yi rubutunsa shekara goma sha ɗaya kafin tonon 1992. Akasarin masana na ajiye Korau a tsakiyar ƙarni na 15. In da zuwansa mamaya ce da ta share Durɓawa, da ba a ci gaba da binne wani da irin wannan alfarma a Durɓi ba har wajen farkon ƙarni na 16. Gidan ya ci gaba da daraja bayan mulki ya koma birni, kuma sarautar Durɓi tana nan har yau, Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani. Batun kayan waje kuwa, sayen abu daga nesa ba shi ne aro ba. Sai mai abin sayarwa ke saye. Ba wanda ya ce maƙerin Childeric ɗan aro ne don dutsensa daga Indiya ya zo. Ba a ɗinka hular wuri a Maldives don a kawo Katsina ba, ba a jera ɗamarar duwatsu a Alƙahira daidai ƙugun Badurɓe ba. Kayan aikin wasu na nesa ne, wasu kamar hauren giwa da fata na gida ne, amma tsarin adon, wato me za a sa a kai, me za a sa a ƙwauri, me ya dace da sarki, na masu wurin ne.

Kada kuma mu wuce gona da iri. Warki gaskiya ne, bante gaskiya ne. Manomi ya yi noma da warki, maharbi ya shiga daji da shi, maƙeri da ɗan dambe ba su rabu da shi ba har zamanin iyayenmu, kuma ba abin kunya ba ne ga mai aiki a rana ya sa abin da ya dace da aikinsa. Fatar ma ai sai an jeme ta, jima kuwa sana'a ce da ƙasar Hausa ta yi suna da ita har ƙetaren Sahara. Kusheyin Durɓi na manya ne, ba su gaya mana abin da talaka ya sa ranar kasuwa ba. Abin da suka rushe shi ne cewa ba a san komai ba sai warki. A Danmak ma, wata mata da aka tono daga cikin fadama a Huldremose a 1879, wadda ta rayu kusan shekara dubu biyu da suka wuce, tana sanye da mayafan fata ne a sama, a ƙasa kuma saƙaƙƙen zanen ulu mai gida-gida, wanda bincike ya nuna rinanne ne. Fata da saƙa sun zauna a jiki ɗaya, can da nan.

Haka nan ba mai musun cewa Musulunci da fataucin Sahara sun sauya suturarmu. Alkyabba da jabba da kaftani ta can suka biyo. Musulunci ne kuma ya sa irin kusheyin Durɓi suka ƙare, domin Musulmi da likkafani kaɗai yake tafiya, sarki ne ko bawa. Wannan ne ya sa 'yan tuddan nan ke da tsada a wurin mai bincike. Sun kama ɗan tsakanin nan da sarakuna ke ciniki da Musulmi, suna cin abinci a kwanonsu, amma ana binne su bisa al'adar kakanni.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke, Sarki Rumfa kuma ya zo da kakaki da figini da takalmin gashin jimina. A ƙarshen ƙarni na 18 Sarkin Gobir Nafata ya yi irin ta Honorius, ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, don ya karya jama'ar Shehu Usmanu, dokar kuwa ba ta hana jihadin da ya zo a 1804 ba. Da matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da saƙi da turkuɗi da kore na fita har Tambutu da Gat da Tarabulus. Masu warkin ne ke tufatar da Sahara.

Ina Haɗeja a cikin wannan labari? Tana tsakiyarsa. Garun Gabas da ke ƙaramar hukumar Malam Madori ita ce Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Auyo tsohuwar sarauta ce da mutanenta ke da harshensu na kansu, dangin Badanci da Ngizimanci, wanda yanzu ya mutu. Kafin shugabannin Fulani Umaru da Sambo su kafa masarautar da muka sani a farkon ƙarni na 19, ƙasar nan ƙananan sarautu ce, irin su Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa da ita Haɗejan, suna biyayya ga Barno ta hannun Galadima da ke Nguru. Wannan yanki shi ne mashigar da ke tsakanin Kano da Barno. Abin da muka fi ji game da waɗannan sarakuna daga bakin waɗanda suka karɓi haraji a hannunsu ne ko waɗanda suka gaje su. Kufansu ne kaɗai za su yi magana da bakinsu.

Ƙasar fadama kuma ta iya ajiya. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a Jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwalen da aka auna shekarunsa aka samu kimanin dubu takwas, tsawonsa ya haura mita takwas, yana cikin mafiya tsufa a duniya. Kwarin ruwa ɗaya ne da namu. Can gabas a Daima, kusa da Tafkin Chadi, tonon da masanin kayan tarihi Graham Connah ya yi a 1965 da 1966 ya fito da kusheyi masu kayan adon tagulla da duwatsun wuya. Katsina ta yamma da mu ta ba da nata, Barno ta gabas da mu ta ba da nata. Ba dalilin da zai sa a ce ƙasar da ke tsakaninsu, mai ruwa da kifi da hanyar fatake, ita ce ba ta da komai a cikinta.

Amma ajiyar ba ta har abada ba ce. Ambaliya irin ta 2022 tana cin gaɓa tana tafiya da tuddai, masu haƙar ƙasar bulo suna cin nasu, gonaki na hawa kan kufai. Ba ina kira a taɓa maƙabartar Musulmi ba ne, wannan ba mai yarda da shi. Ina magana ne a kan tsofaffin kufai da juji da ganuwoyin da suka zube. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa tana cikin masarautar nan, Jami'ar Tarayya tana Dutse, sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa yana Zariya. Ya kamata su da Majalisar Masarautar Haɗeja da gwamnatin Jigawa su fara da abu mai sauƙi, a zagaya a rubuta kufan nan ɗaya bayan ɗaya, a shata iyakarsu, kafin a kai ga maganar tono.

Kai kuma manomi, ko mai haƙar rijiya, ko mai ɗiban ƙasa, in fartanyarka ta tono tsakiya ko munduwa ko tsohuwar tukunya a kufai, kada ka kai wa 'yan gwangwan, kada ka ba maƙeri ya narka. Ka ɗauki hotonta da wayarka a inda take kwance kafin ka motsa ta, ka gaya wa mai unguwa ya kai maganar gaban dagaci da hakimi, su sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Dokar 1979 da ta kafa hukumar ta hana cinikin irin waɗannan kaya ko fitar da su waje ba da izini ba.